A Wane Irin Gidan Abinci Ya Kamata Baƙo Ya Ci Sushi a Japan?

Tambaya: Wani ɗan'uwa da zai tafi Tokyo kwas na wata biyu ya rubuto yana cewa ya ga gidajen sushi iri-iri, daga wanda ake sayar da faranti a kan yen 150 har zuwa wanda mutum ɗaya ke biyan yen 40,000 a zama guda. Yana so ya san abin da ya raba su da kuma wanda ya dace da shi, ganin cewa bai taɓa cin ɗanyen kifi ba, kuma shi Musulmi ne mai kula da abin da ke shiga bakinsa.

Amsa: Malam, shawarata ita ce ka fara da gidan sushi mai bel mai zagayawa da farantan abinci a makonka na farko, ka gane abin da harshenka ke karɓa da kuɗi kaɗan, sa'an nan ka nemi ƙaramin shagon unguwa ka ci abincin rana a gaban kanta, wato dogon teburin da mai haɗa sushi ke tsayawa a bayansa, inda mutum ɗaya zai haɗa maka da hannunsa. Gidan nan mai tsada kuwa ka bar shi sai ƙarshen zamanka, in har ranka ya so, domin wanda bai san sushi na tsaka-tsaki ba ba zai gane abin da ya biya wa yen 40,000 ba, kuma ta fuskar addini can ne aka fi bukatar shiri tun kafin a je.

Kafin ka zaɓi wuri ya kamata ka san inda kuɗin ke tafiya. Mafi yawan baƙi suna ɗauka cewa sushi mai kyau shi ne wanda kifinsa ya fi kusa da lokacin da aka kamo shi, amma masu sana'ar da kansu sun fi yawan magana a kan shinkafa, wadda suke kira shari. Ana dafa ta ne a gauraya da ruwan khal da gishiri, wasu su ƙara sukari, a ajiye ta da ɗumi kusan na jikin mutum, a dunƙula ta yadda za ta riƙe kanta a hannu amma ta watse da zarar ta shiga baki. Irin sushi da duniya ta sani yau, wato ɗan dunƙulen shinkafa da yankan kifi a kai, wanda ake kira nigiri, ya bayyana ne a birnin Edo, Tokyo ta yanzu, cikin shekarun 1820, kuma ana danganta yaɗuwarsa ga wani mai suna Hanaya Yohei. A lokacin babu firji, saboda haka dole a yi wa kifi aiki kafin ya lalace: a jiƙa kifin tuna cikin shoyu, wato baƙin romon waken suya, a barbaɗa wa ƙananan kifaye masu sheƙi gishiri a tsoma su cikin khal, a dafa anago, kifin teku mai siffar maciji, har ya yi laushi. Wannan aikin ne ake kira salon Edomae, kuma shi ne har yau ake biyan manyan kuɗi dominsa. Gwani yakan ajiye tuna kwanaki kafin ya yanka, domin ɗanɗanonsa ya nuna, yakan kuma naɗe farin kifi cikin ganyen teku na kombu ya kwana. Duk gidan da za ka shiga, tambayar da za ka yi wa kanka ita ce nawa ne daga cikin wannan aikin ake yi a nan, kuma wane ne ke yin sa.

Gidan bel mai zagayawa, kaiten-zushi, wani mutum mai suna Yoshiaki Shiraishi ne ya ƙirƙiro shi. Ya buɗe shagonsa na Genroku a yankin da ake kira Higashi-Osaka a yau a shekarar 1958, bayan ya ga yadda kwalabe ke tafiya a kan bel a wata masana'anta, kuma baje-kolin duniya na Osaka a 1970 ya sa ƙasar baki ɗaya ta san da shi. Manyan kamfanonin da ke riƙe da wannan kasuwa yanzu su ne Sushiro da Kura Sushi da Hama Sushi da Kappa Sushi. A cikinsu inji ne ke dunƙula shinkafa, ma'aikaci ya ɗora kifin da aka riga aka yanka, kuma yawancin kifin ya zo ne a daskare. Kada wannan ya rage maka sha'awa, domin tunan da aka daskarar a cikin jirgin ruwa a sanyin da ya kai digiri 60 ƙasa da sifili yana riƙe ingancinsa ƙwarai, kuma kamfanonin suna saye da yawan da ke ba su damar sayarwa da arha. Shekaru da dama farashin faranti yen 100 ne, har zuwa 2022 da Sushiro ta ɗaga mafi arharsa zuwa yen 120, sauran ma suka yi nasu gyaran. Da yen 1,500 zuwa 2,500 babban mutum zai ƙoshi.

Abin da ya sa nake tura sabon shiga can shi ne babu wanda ke kallon fuskarsa. Za ka zauna, ka danna abin da kake so a allon taɓawa, wanda a mafi yawan rassan birni yana da Ingilishi da hotuna, farantin ya zo gabanka. In ka ɗanɗana ka ji bai yi maka ba, asararka ba ta kai kuɗin tikitin jirgin ƙasa ba, kuma ba ka ɓata wa kowa rai ba. Ka fara da dafaffen jatan lande, da kifin salmon da aka ɗan babbaka samansa da wuta, da naɗin kokwamba, sa'an nan ka matsa zuwa jan naman tuna, wanda ba shi da ƙarni, kafin ka kai ga saba, ɗan'uwan kifin da ake kira titus a kasuwanninmu, wanda ƙamshinsa ya fi ƙarfi. Ka yi oda ta allo maimakon ɗaukar farantin da ya daɗe yana yawo. Tun bayan da wani bidiyo ya bazu a farkon 2023 na wani matashi da ke wasa da kayan cin abinci a wani reshe, kamfanoni da yawa sun rage ko sun daina sakin farantai a bel, sai abin da aka yi oda. Akwai kuma wani mataki na gidajen bel da ya fi waɗannan, inda mutane ne ke dunƙulawa a tsakiyar zagayen kuma farashi ya bambanta da launin faranti. Waɗanda suka fito daga tsibirin Hokkaido, irin su Nemuro Hanamaru da Toriton, sun yi suna a nan, kuma na farkon yana da reshe a ginin KITTE da ke gaban babbar tashar Tokyo. Layinsu yana da tsawo, amma a ganina su ne suka fi ba mutum kifi mai kyau gwargwadon kuɗinsa.

Shagon unguwa shi ne wanda zuciyata ta fi karkata gare shi, kuma shi ne baƙi suka fi wucewa ba su lura ba, domin ƙofarsa labule ne kawai da rubutun Japananci. Galibi mutum ne da matarsa, ko uba da ɗa, da kanta mai kujeru goma ko ƙasa da haka da teburi biyu ko uku. Maigidan, wanda ake kira taisho, shi ke zuwa kasuwa da asuba, shi ke gyara kifin, shi ke dafa ƙwansa. Da rana sukan sayar da jeri guda na nigiri takwas zuwa goma tare da miya a kan yen 1,000 zuwa 3,000, a matakai uku da ake rubutawa nami da jo da tokujo, ko kuma ume da take da matsu, daga mai arha zuwa mai tsada. Ka ɗauki na tsakiya. Kifin da za a ba ka da rana daga akwati ɗaya yake da wanda za a sayar da dare a kan ninki biyu ko uku, kuma hannu ɗaya ne zai dunƙula. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne shagon da bai rubuta farashi ba, ko wanda ya rubuta jika a gaban sunan kifi, ma'ana farashin kasuwar ranar. Ba ha'inci ba ne, al'adar sana'ar ce, amma ka faɗi iyakar kuɗinka tun kafin a fara, kuma ka riƙe takardun kuɗi, domin ƙananan shaguna da yawa ba sa karɓar kati.

In kana so ka zauna gaban kanta ba tare da fargabar harshe ba, akwai kamfanoni masu rassa da yawa da ke tsakanin bel da shagon unguwa. Sushizanmai shi ne ya fi shahara, kamfanin Kiyoshi Kimura, mutumin da ya sayi tuna mai nauyin kilo 278 a kan yen miliyan 333.6 a gwanjon farkon shekarar 2019. Suna da jerin abinci mai hotuna da farashi a bayyane. Haka kuma kusa da manyan tashoshin jirgi za ka ga shagunan da ake ci a tsaye, irin su Uogashi Nihon-ichi, inda ma'aikatan ofis ke shiga su ci guda shida ko takwas su fita cikin minti ashirin.

Sai mu zo kan omakase, tsarin da mai ci ba ya zaɓar komai, gwani ne ke ba shi abin da ya ga ya fi kyau a ranar, guda bayan guda. Irin waɗannan gidaje sun fi yawa a Ginza da makamantan unguwanni, kujeru takwas zuwa goma, kanta ta farin katako, farashi daga kusan yen 20,000 har sama da 50,000. Wanda duniya ta fi sani shi ne Sukiyabashi Jiro, shagon Jiro Ono mai kujeru goma a ƙarƙashin wani gini kusa da tashar Ginza, inda Firayim Ministan Japan na lokacin, Shinzo Abe, ya kai Barack Obama a watan Afrilun 2014. A ƙarshen 2019 littafin Michelin, mai tantance fitattun gidajen abinci, ya cire shi daga jerinsa, ba don ingancinsa ya ragu ba, sai don ya daina karɓar kama wuri daga kowa da kowa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa kuɗi bai wadatar ba: manyan gidajen ana kama wurinsu makonni ko watanni kafin ranar, galibi ta hannun otal ko shafin intanet na musamman, kuma wanda ya fasa a kurarren lokaci yakan biya kuɗin gaba ɗaya, tunda an riga an sayi kifin da sunansa.

Abin da ake saya a can gaskiya ne, ba yaudara ba. Gwanin yana lura da saurin cinka, yana daidaita ɗumin shinkafa da irin kifin da zai ɗora, yana jera su daga mai sauƙin ɗanɗano zuwa mai maiƙo, kuma yana ajiye maka kowane guda a lokacin da ya dace a ci shi. Kamar tsire ne da mai shi ya ɗauko daga wuta ya miƙo maka: in ka tsaya hira ya huce, kai ka ɓata shi. Saboda haka ana ɗauka nan take a ci a loma ɗaya, da tsinke ko da hannu, kuma cin nigiri da hannu ba abin kunya ba ne ko a gidan da ya fi kowane tsada. Wani abu da ya shafe mu musamman shi ne turare. Mu mutane ne masu son ƙamshi a jiki da tufafi, amma a ɗaki mai kujeru takwas turare mai ƙarfi yana danne ƙamshin kifin da shinkafar ga kowa da ke zaune, kuma gidaje da yawa suna rubuta roƙon a guje shi a cikin sharuɗɗan kama wuri. A isa kan lokaci, a nemi izini kafin ɗaukar hoto, kuma ba a ba da tukuici a gidajen abinci na Japan. In kana so ka ɗanɗana wannan tsari da sauƙi, matasan gwanaye da suka koyi aiki a manyan gidaje suka buɗe nasu sukan yi omakase na rana a kan rabin farashin dare ko ƙasa da haka.

Maganar halal ita ce ta fi bukatar natsuwa. Kifin kansa ba matsala ba ne a wurin mafi yawanmu, tunda a mazhabar Malikiyya duk dabbar ruwa halal ce, har da jatan lande da ƙaguwa da masu ɓawo, bisa aya ta 96 ta Suratul Ma'ida, ko da yake Hanafawa sun taƙaita a kan kifi. Inda ake duba shi ne kayan haɗi. Mirin, wani ruwa mai zaƙi da ake yi da shinkafa, yana ɗauke da barasa kusan kashi 14 cikin ɗari, kuma shi da giyar sake suna shiga abubuwa da yawa: romon da ake shafa wa anago da ɗan'uwansa unagi, soyayyen ƙwai mai zaƙi, jakar awara ta inari, tunan da aka jiƙa, da ƙwan salmon na ikura. Shoyu na yau da kullum ma yana da ɗan kaso na barasa daga ruɓarwar da ake yi masa, wasu kamfanoni kuma suna ƙarawa domin adanawa. A gidan bel kai ne ke zuba shoyu da hannunka, don haka kana iya barin sa ko ka zo da naka mai shaidar halal, ka kuma tsallake farantan da aka yi wa romo. Sai dai ka lura cewa gidajen bel suna sayar da naman alade a kan shinkafa da cikin taliyar ramen, kuma kicin ɗin ɗaya ne. A gidan omakase kuwa gwanin yana shafa wa kusan kowane guda wani romo da ake kira nikiri kafin ya ajiye maka, wanda shoyu ne da aka tafasa tare da sake da mirin. Tafasawar tana kore mafi yawan barasar, amma da ita aka haɗa shi. Ke nan gwargwadon tsadar gida, gwargwadon ƙarancin ikonka a kan abin da ke cikin lomarka, sai in ka yi bayani lokacin kama wuri. Wasu gwanayen za su amince su ba ka da gishiri da ruwan lemon tsami, wanda dama haka ake cin wasu fararen kifaye, wasu kuma za su ba ka haƙuri cikin ladabi su ce ba za su iya ba, kuma gara ka ji hakan ta waya da ka ji shi a gaban kanta. Hukuncin khal da aka samo daga giyar shinkafa, da na ɗan abin da ya rage a shoyu, malamai sun yi magana a kansu da sabanin fahimta, don haka ka tambayi malamin da ka amince da shi tun kana gida. A Tokyo akwai gidajen sushi masu shaidar halal, musamman wajen Asakusa, kuma in ka je sallar Juma'a a masallacin Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara za ka sami waɗanda suka daɗe a garin su nuna maka wanda ke aiki a yanzu. Ka sa wani abokin aiki ɗan ƙasar ya rubuta maka a takarda, da Japananci, cewa ba ka cin alade da sake da mirin.

Izakaya ba wurin sushi ba ne. Mashaya ce da ake cin ƙananan abinci, abin da suka fi ƙwarewa a kai shi ne sashimi, yankan kifi ba shinkafa, kuma sukan caji kuɗin zama ta hanyar ɗan abincin da ba ka yi oda ba. Benen ƙarƙashin ƙasa na manyan kantuna irin su Isetan a Shinjuku da Mitsukoshi a Nihonbashi yana da sushi na ɗauka a tafi mai kyau, kuma dab da rufewa ana rage farashi, haka ma a manyan shagunan cefane. Aibinsa ɗaya ne, sanyin firji yana taurara shinkafa. Amfaninsa gare ka shi ne an rubuta kayan haɗi a jikin akwatin, wayarka za ta iya fassara maka.

Game da kasuwa, babbar kasuwar sarin kifi ta Tokyo ta tashi daga Tsukiji zuwa Toyosu a watan Oktoban 2018, amma kasuwar waje ta Tsukiji tana nan da shagunanta. Duka biyun suna da gidajen sushi na safe, sai dai yawan 'yan yawon buɗe ido ya ɗaga farashi da tsawon layi, kuma kifin da ke cikinsu shi ne dai wanda shagon unguwarku ya saya da asubar nan. Kasuwar sari ba ta ci ranar Lahadi da wasu Laraba, shi ya sa shaguna da yawa ke rufewa a ranakun. In kwas ɗin ya fitar da kai daga Tokyo, ka ci na garin da ka je: Osaka tana da sushi da ake dannewa cikin akwatin katako, Kyoto tana da na saba da aka jiƙa a khal, Nara tana naɗe nata cikin ganyen itacen da suke kira kaki, ɗan'uwan kanya, Kanazawa da Toyama kuma suna kan Tekun Japan, inda ko gidan bel ke samun kifin da ba kasafai yake isa Tokyo ba.

Ta fuskar lafiya, abin da aka fi samu shi ne wata farar tsutsa mai suna anisakis da ke zama a jikin saba da wasu kifayen teku, wadda ke jawo matsanancin ciwon ciki sa'o'i kaɗan bayan ci. Khal da gishiri da wasabi ba sa kashe ta. Abin da ke kashe ta shi ne dafawa, ko daskararwa a digiri 20 ƙasa da sifili na tsawon sa'a 24 ko fiye, kamar yadda ma'aikatar lafiya ta Japan ke ba da shawara, kuma gwani yakan duba ya cire ta da ido yayin gyara. Mace mai ciki da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su tsaya kan dafaffen. Wasabi, koren abin nan mai hawa hanci, in ba ka so sai ka ce sabi-nuki. Cittar da ke gefe kuma ana cin ta ne tsakanin guda da guda domin wanke baki.

In ka tsaya a ƙofar shagon da ba ka sani ba, hancinka ne shaidar farko: gidan kirki yana ƙamshin khal da dafaffiyar shinkafa, ba ƙarnin kifi ba. Ka leƙa ka ga ko 'yan ƙasa ne ke zaune, ko kanta da tsumman gwanin suna da tsabta, ko an rubuta kifin ranar da hannu a allo. A guji wanda aka sa mutum a titi yana kiran masu wucewa. Mutanen Japan sun fi dogara da Tabelog, shafin intanet da masu ci ke ba gidajen abinci maki, kuma suna da rowar maki, ta yadda shagon da ya kai 3.5 cikin 5 ya riga ya shiga sahun na ƙwarai, mai 3.2 ma yana iya zama wurin da unguwa guda ta dogara da shi shekara talatin. Ka tambayi wanda ke kula da ku a wurin kwas ɗin inda shi yake kai iyalinsa, ka ce masa shagon da ake cin abincin rana kake nema, kuma in ya yi tayin raka ka, ka karɓa, domin taisho yakan fi sakin jiki da baƙon da wani sananne ya kawo, kuma shi zai yi maka bayanin mirin da bakinsa.